Yaron Cikin Bango

Da zarar rana ta karkata, Umma takan ninke zannuwanta biyu ta ƙulle su a ɗankwali, ta ɗora ƙunshin a cinya, ta ce ta gode da karamci amma lokacin tafiya gida ya yi. Auta take faɗa wa haka, 'yarta ta cikinta, a ɗakin da ta yi shekara da shekaru tana kwana. Likita ya kira abin ciwon mantuwa. Ya ce ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa, kuma kada a yi gardama da ita, don gardama da mai wannan ciwo ɗibar ruwa ce da kwando. Auta ta riƙe wannan. In Umma ta ce za ta gida, sai ta ce mata mota ba ta iso ba tukuna, a sha shayi kafin nan. Wata rana dabarar ta ci, wata rana ta ƙi.

Ranar da ta ƙi ƙwarai, Auta tana wanka Umma ta zare sakata ta fice. Wani mai faci ne ya tare ta a bakin babban titi, takalmi ɗaya a ƙafa, ƙunshi a ka, tana shirin ratsa motoci. Ya zaunar da ita a kan tsohuwar taya har aka zo.

Da yamma Yaya ya iso. Shi ne babban ɗan Umma, yana aiki a ɗakin magani na wani asibiti. Mutum ne mai son komai a kan tsari, furfura ta riga ta cinye masa gemu. Ya duba tafin ƙafar Umma, ya shafa mata magani, sannan ya kira ƙanwarsa gefe.

"Auta, ba laifinki nake gani ba. Amma ke kaɗai ce, kuma ido biyu gare ki. Akwai gidan kula da tsofaffi kusa da wurin aikinmu, da masu jinya, da ƙofa mai makulli. In abin ya ci gaba haka, zan kai ta."

"Ka kai ta hannun baƙi? Ni ma da ƙyar take yarda in taɓa ta."

"Ai ke ma baƙuwa ce a wurinta yanzu."

Bai faɗa don ya ɓata mata rai ba, amma maganar ta zauna mata a ƙirji.

Sana'ar Auta zanen hoto ce. A wani dogon shago mai rufin kwano take aiki, inda ake zana manyan labulen da ake ratayawa a bayan 'yan wasan kwaikwayo da masu ɗaukar hoto: falon attajiri, bakin teku, titin birnin da babu shi a duniya. Ta zana gidaje ba adadi, amma babu ko ɗaya da wani ya taɓa kwana a cikinsa. Washegari, tana ba Umma magani, sai ta yi tambayar da ba ta taɓa yi ba.

"Umma, wai gidan nan da za ki, yaya yake?"

Umma ta dube ta kamar ta tambayi launin madara. "Mai koriyar ƙofa mana. In kin shiga, famfo na hannun hagu, yana ɗiga, mai gidan hayar ya ƙi gyarawa. Ga bishiyar lemo da ba ta taɓa yin abin kirki ba. Igiyar shanya daga bishiyar zuwa taga."

Wannan matar da ba ta iya tuna ko ta karya, sai ga ta tana lissafa tsagar da ke jikin siminti. Auta ta gane gidan. Gidan haya ne da iyayenta suka zauna kafin a haife ta. An daɗe da rushe shi, gidan mai ne yanzu a wurin. Ta kalli dogon bangon ɗakin da ke fuskantar gadon Umma, fari tas, babu ko ƙusa. Ta ce a ranta, in ba a iya kai Umma gida ba, ai ana iya kawo mata gidan.

Ta nemi hutu a shago, ta tattara ragowar fenti a gwangwanaye. Kafintan shagon yana taya ta ɗaurewa a bayan babur yana tsokanarta. "Za ki gina wa tsohuwa gida ba bulo ba siminti? In ya yi kyau ni ma a yi mini bene, da mota a ƙofa."

"Kai da ko labule ba ka da shi a taga."

"Shi ya sa nake son na fenti, ba ya tsufa."

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da Auta ta gani tun fara ciwon. Umma ta ɗauke ta mai fentin da aka ɗauko aiki, ta kuwa tsaya a kanta kamar 'yar kwangila. Daga bakin gado take ba da umarni.

"Ke mai fenti, wa ya koya miki aiki? Wannan famfo ne ko wuyan raƙumi? Rage shi."

"An rage, Umma."

"Wannan koren na 'yan gayu ne. Namu ya koɗe, rana ta cinye shi. Ta ƙasa kuma tsatsa, inda ruwa ke bugu."

Auta tana gyarawa tana dariya, wani lokaci ta juya wa gadon baya don ta share ido da gefen hannu. Ba a gane ta ba, amma ana yi mata faɗa da muryar da ta sani tun tana yarinya, kuma wannan ma wani abu ne. Yamma takan yi ta wuce Umma ba ta tuna da ƙunshi ba. Aikin kansa ya fara kama Auta. Karon farko kenan da take zana wurin da ya taɓa wanzuwa, kuma daga kan mutum ɗaya tak da ya rage yana ɗauke da shi. Ta san hannunta bai taɓa yin abu mai kyau haka ba.

Masu zanen labule suna da halaye biyu da suka zame musu jiki. Na farko, kafin su zana ƙofa ko taga, sukan tsayar da ɗan mutum da gawayi a gefe don su auna tsayi da shi, in an gama a goge da tsumma. A shagon ɗan awo suke kiransa. Na biyu, ba sa zana ƙofa a rufe. Rufaffiyar ƙofa tana mayar da zane shafaffe, amma in an bar ta a ɗan buɗe, ido yakan bi ta ciki ya tafi, sai wurin ya yi zurfi.

Da aka zo kan ƙofa, Umma ta ce, "Sakatar tana sama. Yaro ba ya kai ta sai ya yi ɗage."

Auta ta laluba jaka, gawayi ya ƙare. Ta ga baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, ta ɗauka ba tare da wani tunani ba. A lokacin Umma ta kishingiɗa tana gyangyaɗi. Auta ta ja layi kaɗan: ƙaramin yaro ya ba da baya, ya yi ɗage, hannu ɗaya a sama. Ta sa alamar sakata daidai yatsunsa, ta bi ta kansa da fenti ya ɓace. Ƙofar kuwa ta bar ta a ɗan buɗe kamar yadda ta saba, ta zana siririn titi a bayanta da rana kwance a kai. Wannan siririn hasken shi ne ran zanen gaba ɗaya. Duk wanda ya shigo ɗakin sai ya ji kamar iska na shigowa ta wurin.

Abin da Auta ta sani sarai amma ta sha'afa shi ne, tawadar maka ba ta mutuwa a ƙarƙashin fentin ruwa. Takan kwanta ta yi lamo, in fentin ya bushe ta taso, kamar mai a kan ruwa.

Bayan kwana biyu da gamawa, ta shigo da shayin safe ta tarar da Umma zaune a miƙe a bakin gado, ta ɗaga mata hannu.

"Yi a hankali. Kar ki firgita shi, rugawa zai yi."

Auta ta bi idonta. A bakin koriyar ƙofar, ga wata inuwa shuɗi-shuɗi ta fito ta cikin fentin, ba ta gama bayyana ba: kai, kafaɗa, hannu a sama. Ta san mene ne. Ita ta zana shi, ta san da me ta zana shi. Duk da haka tsikar jikinta ta tashi.

"Ɗan Tsako," in ji Umma da murya ƙasa-ƙasa, irin ta lallashi. "Dawo ciki. Zo ka ga abin da na ajiye maka."

Daga ranar Umma ba ta sake maganar tafiya gida ba. Ta iso gida. Amma ba ta sake cin abinci ba, sai ɗan ruwa in an kai mata baki. In Auta ta kawo cokali sai ta ture hannunta ba tare da ta dube ta ba. "Matsa, kin tare ni. In na ɗauke ido fita zai yi." Inuwar kuma kullum ƙara baƙi take, har ana iya ganin diddigensa a ɗage.

Auta ta yi abin da kowane mai fenti zai yi. Ta haɗa launin bangon ta shafe wurin. Burushi ya bi ta kan yaron sau biyu, ya ɓace ƙarƙashin ɗanyen fenti. Ta juyo da niyyar cewa shi kenan, sai ta ga fuskar uwarta. Umma ba ta yi kuka ba. Bakinta ne a buɗe, babu sauti.

"Ya fita," ta ce daga baya.

Ta miƙe da ƙarfin da ba a san tana da shi ba, ta je bangon tana laluben ƙofar da tafin hannu, fenti ya ɓata mata yatsu. Da ba ta samu hanya ba, ta nufi ƙofar gidan ta gaskiya tana jijjiga ta, tana tambayar Auta ko ta ga wani yaro mai jar riga, ɗan kamar haka, bai iya faɗin sunan unguwa ba. Auta ta rungume ta ta baya, suka zauna a ƙasa tare har ƙarfinta ya ƙare. Can da la'asar fentin ya sha iska, kan yaron ya fara leƙowa, sannan hannun. Umma ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Ga shi nan," ta ce. Ta koma bakin gado, ta ci gaba da gadinsa.

Auta ta kira Yaya. Ya zo da rigar aiki a jikinsa, ya shiga ɗakin, ya yi sallama, sallamar ta tsaya masa a rabi. Ya daɗe tsaye yana kallon famfon, da igiyar shanya, da ƙofar. Da idonsa ya sauka kan inuwar, sai ya dafa bango ya fita. Ta same shi a kicin yana wanke hannun da ba abin da ya taɓa.

"Wa ya gaya miki?" ya ce.

"Gaya mini me? Ɗan awo ne, Yaya. Gawayina ne ya ƙare. Wane ne Ɗan Tsako?"

"Mai bi mini. Tsakanina da ke."

"Wanda ya rasu yana ƙarami?"

"Haka aka gaya miki, don ya fi sauƙin faɗa." Ya rufe famfo. "Bai rasu ba, ko kuma ba mu sani ba. Wata rana da rana tsaka Umma tana shanya, ya yi ɗage ya zare sakata. Ko minti nawa ne, Allah kaɗai ya sani. An nema har an gaji. Ni abin da nake tunawa, mata cike da tsakar gida, da wani da ya ba ni alewa. Da mai gidan ya sayar da gidan, sai da Baba ya ɗauke ta cak aka sa a mota. Cewa take in ya dawo wa zai tarar."

Auta ta jingina da firij. Duk yammacin da Umma ta ƙulla ƙunshi, ashe ba gida take nema ba kawai.

"Kwana nawa rabonta da abinci?" ya tambaya. Ta faɗa masa. Ya girgiza kai. "Gobe zan zo da fentin mai. Ke kin fi ni sani, shi yana danne tawada?"

"Yana dannewa. Har abada."

"To a shafe bangon duka, ya koma fari. In ba haka ba in tafi da ita, a ƙara mata ruwa, a ba ta ɗakin da babu komai a bangonsa. Ba zan zuba ido yunwa ta kashe ta a gaban hoto ba."

"Ba ka ga fuskarta ba da na shafe shi. Sau ɗaya ya ɓace mata a duniya, ni na ƙara mata na biyu. Kana so in yi na uku?"

"Za ta manta."

"Komai ta manta, Yaya. Ni ma ta manta da ni. Wannan ne kaɗai ba ta manta ba."

Yaya ya nufi ƙofa. Ya ce sai goben, ya tafi.

Da safe Auta ta shiga ɗakin ba shayi ba magani. Ta jawo kujera ta zauna kusa da gadon, ta fuskanci bangon ita ma. Umma ta rame, leɓenta ya bushe, idanunta sun yi ja don rashin ƙiftawa. Suka zauna su biyu suna gadin yaron. Auta ta yi ta juya dabaru. Ta zana masa fuska? Ba ta san fuskarsa ba, babu ko hoto. Ta juyo da shi? Tawadar za ta taso ta cikin duk abin da ta ɗora. Da dabara ta ƙare mata, sai ta tuna wanda ya fi kowa sanin gidan nan yana zaune a gefenta.

"Umma, ni mai fenti ce. Me kike so in yi?"

Umma ba ta juyo ba. "Ke da kike da ƙafa, tun yaushe kike kallon ƙofa a buɗe? Rufe ta mana. Ni na kasa tashi."

Auta ta dubi siririn titin nan da ranar da ke kwance a kansa. Ko sau ɗaya tunanin bai zo mata ba, domin hannunta bai taɓa rufe ƙofa a zane ba. Ta san abin da zai faru in ta rufe. Zurfin zai tafi, iskar za ta ɗauke, aikin da ya fi kowane kyau a rayuwarta zai koma bango mai launi. Ta ɗan jima a zaune. Sannan ta tashi ta buɗe gwangwanin kore, ta zuba masa fari da ɗan ruwan ƙasa har ya koɗe daidai yadda Umma ta koya mata.

Ba ta rufe ta lokaci ɗaya ba, don kada a firgita kowa. Ta fara daga gefen ƙofar, tana matso da shi kaɗan-kaɗan, titin yana ƙanƙancewa. Da ta zo kusa da hannun yaron sai ta sauya ƙaramin burushi, ta bi gefen kowane yatsa a hankali ba ta taɓa shi ba. Tana aikin tana jin numfashin Umma a bayanta. A kusa haka, inuwar ta daina kama da mutum, layi ne kawai na tawada. Amma da gwiwar hannunta ta gogi kan yaron, sai ta ji bakinta ya ce, "Yi haƙuri."

Hasken ya rage kamar zare, sannan ya tafi. Ɗakin ya yi kamar an ja labule.

"Sakata," in ji Umma.

Auta ta shafe tsohuwar sakatar, ta hau kujera ta zana sabuwa can sama, inda ko babba sai ya miƙa hannu. Ta zura ta cikin raminta, ta ɗora mata ɗigon fari don ta yi ƙyallin ƙarfe. Ta sauko ta koma gefe.

Yaron yana nan yadda yake, a ɗage, hannu a sama, ya ba su baya. Amma yanzu ƙofa ce rufaffiya a gabansa, kuma yana cikin gida.

Umma ta daɗe tana kallo. Sannu a hankali kafaɗunta suka sauka. Ta rufe ido, ta buɗe, yana nan. Ta sake rufewa ta daɗe, ta buɗe, yana nan.

"Ja'iri," ta ce. "Yi ta miƙa." Ta juyo ta dubi Auta sosai, karon farko cikin kwanaki. "Wai a gidan nan ba a dafa komai ne?"

Auta tana zuba shinkafa a babban faranti Yaya ya shigo, gwangwanin fentin mai a hannu. Ya bi ta zuwa ɗakin. Ta shimfiɗa tabarma a gaban bangon domin nan Umma ta nuna, ta taimaka mata ta sauko. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa yana duban koriyar ƙofar da aka rufe, da uwarsa tana kai loma baki da hannunta.

Umma ta ɗago ta gan shi. Ta yi wata guda ba ta gane shi ba, takan ce masa likita.

"Kai kuma ka tsaya kamar an dasa ka," ta ce. "Ajiye abin nan, ka wanke hannu. Kira ƙanenka." Ta dubi Auta. "Mai fenti, ke ma sa hannu. Ba a aiki da yunwa."

Yaya ya dubi Auta. Ya sunkuya ya ajiye gwangwanin a waje, bayan ƙofa.

"A bar ta nan," ya ce a hankali. "Amma in ta sake daina ci, ki kira ni a ranar."

"Zan kira."

Ya wanke hannu a kwanon da ta miƙo masa, ya tanƙwashe ƙafa a kan tabarma, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya kai hannu zai ɗebi abinci, sai ya tsaya. Ya ɗan waiwaya wajen bangon, sannan ya matsa gefe, ya bar wuri.